Kafin 'Yar Kakuri Ta Ɗauki Amarya

Angona,

Ya gwiwa? Ya kuka ji da hazon bana? Mu nan Kano sai hantsi ya ɗaga muke ganin rana. Ka gaishe min da kishiyata Hajiya, ka ce mata daddawa ta iso, maƙwabta ma sun shaida ta iso.

Na ɗauki biro ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Da na ambaci taya sai ka ce sabis ba kyau, ka miƙa wa Hajiya. Takarda ba ruwanta da sabis. Ka sa tabaranka, ka zauna a kujerar nan ta ƙofar zaure bayan la'asar, ka karanta ta har ƙarshe. In faɗa ne, ka yi min daga baya.

Kawu ya ce ka kafe kan cewa motarka 'Yar Kakuri ce za ta kai Auta ɗakinta Zariya. Ban yi mamaki ba, ban kuma ga laifinka ba. Ita ta kai Umma, ita ta kai Gwaggo, ita ta fitar da ni zuwa Malali ina kuka, kana tsaye a ƙofa kana gaya wa jama'a an yi maka fashin mata da rana tsaka. Babu wanda ya fi ni son ganin Auta a wannan kujerar ta baya. Ka ji ni da kyau, ina so ta kai ta. Amma ba da tayoyin da ke ƙafarta yanzu ba.

Na san amsarka, don na sha jin ta. Tayoyin nan ba su taɓa ganin faci ba. Zanensu na nan daram. Ba su san Birnin Gwari ba, ba su san Saminaka ba, iyakarsu masallacin Sultan Bello ranar Juma'a, shi ma in gwiwa ta yarda. Duk gaskiya ne. Sai dai taya mutuwarta iri biyu ce. Ta motar haya kwalta ke cinye ta, kowa ya ga ta suɗe, a canja. Ta motar da ake ji da ita irin taka kuwa, zama ne ke cinye ta, shi kuma zama ba ya taɓa zane. Za ka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan taya, daga tsaye, bai sani ba.

Ranar sa ranar Auta, da kuka tafi masallaci, na sa Ɗan Baba ya ɗage min tamfol. Kada ka yi masa faɗa, ni na sa shi. Daga nesa sai a rantse jiya aka sa su, baƙaƙe wuluk suna ƙyalli. Na durƙusa da fitilar waya na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan tsaga sun zagaye gefen kowace, daga bakin wili har cikin rubutun jikinta, kamar faso a dunduniya da hunturu. Cikin ramin zanen ma suna nan. Na sa farce na danna, robar ba ta lotsa ba, ta bushe ta yi tauri. Ta baya, ta ɓangaren da tamfol bai kai ƙasa ba, wadda rana ke duka daga azahar zuwa la'asar, ita ta fi muni: akwai tsagar da bakin makulli ya shiga. Ƙasan kowace kuma ya baje, saboda daɗewa da ta yi tana ɗauke da nauyi a wuri ɗaya. Shi ne dum-dum ɗin da kake ji in kun fito, wanda kake ɗora wa titin Kwaru.

Akwai rubutu a gefen taya mai farawa da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wani lokaci sai an leƙa ta ciki, domin a ɓangare ɗaya ake buga su cikakku. Na gaba guda biyu 1911 ne, wato mako na 19 na shekarar 2011. Lokacin Auta na firamare, kai kake kai ta kana riƙe mata kwandon abinci.

Na baya ban ma wahalar da kaina neman lamba ba. Kai da bakinka kake nuna wa baƙi cewa 'yan gida ne, Dunlop na Ikeja, ba irin na yanzu da ake shigowa da su ba. Angona, Dunlop sun daina yin taya a Ikeja tun 2008. Michelin kuwa tun 2007 suka rufe tasu masana'antar ta Fatakwal. Duk tayar waɗannan biyun da aka rubuta a jikinta cewa a Najeriya aka yi ta, ko yau aka kwance ta daga leda, ta haura shekara goma sha biyar. Abin da kake alfahari da shi, shi ne shaidar tsufansu. Ban raina su ba. Tayoyi ne na ƙwarai, sun yi zamaninsu, sun kuma riƙe amana.

Safaya kuwa, da Ɗan Baba ya kwance ta daga ƙarƙashin but ya sauko da ita, gidan zanzaro muka fara gani a jikin wili. Iska babu ko ta rantsuwa. Lambarta uku ce, ba huɗu ba, kuma tun shekarar 2000 aka koma huɗu. Ta girmi amaryar da za ta raka.

Hajiya ta ce ka koma sa sukari cokali uku a shayi, kuma maganin safe sai ta tsaya a kanka. Ba zan tsawaita ba, don yau magana ɗaya na zo da ita. Amma na ji, kuma ban ji daɗi ba.

Kai ka dage sai na karanta abin da kowa ya ce ba na mata ba ne a jami'a a Samaru, to ga ribar kuɗinka. Taya ba roba ce zalla ba. A ƙarƙashin zanen akwai shimfiɗar wayoyin ƙarfe, akwai zare, sai wata siririyar roba da ta manne su da juna. Ƙarfin taya gaba ɗaya yana wurin wannan mannewar. Iskar da mai faci ke dura mata, kusan kashi ɗaya cikin biyar oksijin ne, a matse take, kuma dare da rana tana ratsa robar daga ciki zuwa waje. Duk inda ta bi sai ta busar da shi, ta sa shi tauri. Ba sai mota ta motsa ba. Zafi kuma ƙara wa abin sauri yake yi, shi ya sa tayar da za ta jima a Faransa, a Kaduna ta Maris da Afrilu ba za ta kai haka ba. Tsagar da na gani ta waje ce. Abin da ya fi tsorata ni yana ciki, inda fitila ba ta kaiwa.

Wanda zai fi ba ka haushi shi ne wannan. Masu yin taya sun san da matsalar, sai suka cakuɗa wani irin kaki da magunguna a cikin robar, masu kare fatarta daga rana da wata iska da ake ce wa ozon, wadda ita ce ke tsattsaga gefen taya. Amma maganin ba ya fitowa sama yadda ya kamata sai taya na juyawa, tana lanƙwasa, tana ɗaukar ɗumi. Motar da ke fita kullum da kanta take shafa wa tayoyinta magani. Wadda ke kwance ƙarƙashin tamfol wata da watanni kuwa, na sama ya ƙare, na ciki bai fito ba. Lallaɓawar da kake yi mata ita ta tsufar da ƙafafunta. Man ƙyallin da ake goga musu duk Juma'a, musamman in an sirka shi da kananzir ko baƙin mai yadda yaran wanki ke yi, ɗan abin da ya rage yake wankewa. Ruwa da sabulu sun ishe su.

Don Allah a ɗauke janareta daga kusa da ita. Masu yin taya da kansu suna hana ajiye ta kusa da janareta, ko injin walda, ko duk wani inji mai tartsatsin wuta, saboda nan ozon ɗin ke taruwa. Ga fetur da ke ɗiga ƙasa duk lokacin da aka zo zubawa, yana gangarowa wajen ta gaba. Hajiya ta daɗe tana so a mayar da shi bayan ɗakin girki saboda ƙara. A wannan kam bakinmu ɗaya da ita.

Za ka ce ai Juma'ar da ta wuce ma ta je ta dawo lafiya. Daga Badarawa zuwa Unguwar Sarki tafiyar minti nawa ce, kai da ba ka wuce giya ta biyu? Taya ba ta ko yi ɗumi ba kun isa. Zariya kusan kilomita 80 ce. Da an haye gadar Kawo an bar Rigachikun, hanya ta miƙe, kuma tun da aka sabunta ta babu abin da ke tilasta wa direba ɗaga ƙafa. Biki ya faɗo tsakiyar bazara, kwalta na tafasa. A baya ga amarya, ga Gwaggo, ga ƙawaye an cusa, but cike da akwatuna. Ga motocin abokan ango suna ta fitila suna wuce juna, kuma ka san Kawu, ba zai yarda a ce tsohuwa ta gaza a gaban samari ba. A gudun kilomita 100, taya irin tata tana juyawa kusan sau 14 a sakan ɗaya, kowane juyi ta matse ta saki. Zafi ya taru a bakin wayoyin nan, daidai inda mannewar ta riga ta bushe. Daga nan ko dai zanen ya ɓare gaba ɗaya ya bar ta tsirara, ko ta yi bindiga. Ba ta sallama, ba ta kuma zaɓen wuri. Tana iya yi a Maraban Jos tsakanin tireloli, tana iya yi a Jaji.

Ka tuna ranar 6 ga Maris 2016? A falonka muka ji sanarwar. James Ocholi, ƙaramin ministan ƙwadago, a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Tayar baya ta fashe ana cikin gudu, mota ta wuntsila, shi da matarsa da ɗansa duk suka rasu. Babbar mota ce ta zamani, mai duk wasu na'urorin kariya da 'Yar Kakuri ba ta da su. Ka yi shiru ranar, ka ce gida guda a rana guda. Bayan wannan ne hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta matsa wa direbobi lamba kan duba shekarun taya.

Akwai wanda ya fi kama da namu. Ɗan wasan nan na fina-finan tseren motoci da Ɗan Baba ke kwana kallo, Paul Walker, ya mutu ranar 30 ga Nuwamba 2013 a Kalifoniya ta Amurka, shi da abokinsa Roger Rodas da ke tuƙi. Motar Porsche Carrera GT ce ƙirar 2005, irin wadda masu kuɗi ke saya su ajiye, su riƙa fito da ita jefi-jefi. Masu bincike sun ce gudu ne ya wuce kima, ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma sun kuma rubuta cewa wasu daga cikin tayoyin sun kai kimanin shekara tara. Mota mai tsadar gaske, a hannun mutanen da sana'arsu ke nan, ana goge ta ana tattalinta, sai dai tsofaffin tayoyin na nan a ƙafarta. Shekara tara fa. Ka ƙirga naka.

Kan wa'adi, baki bai zo ɗaya ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ce shekara huɗu daga ranar da aka yi ta. Ford na cewa shida. Michelin na cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ga masani duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba, har da safaya. Ni a ganina huɗun ta yi tsauri ga tayar da aka adana da kyau, kuma na san ta sa wasu talakawa asara a hanya. Amma wannan gardamar ba ta shafe mu ba. Ka ɗauki wanda ya fi kowa sassauci a cikinsu, babu ɗaya a cikin biyar ɗinka da ta tsallake.

Abin da ya sa maganar ke ci min rai shi ne kai ba baƙon mota ba ne. Tun muna yara kake ba mu labarin 1975 da aka buɗe Peugeot a Kakuri, da yadda kuke ƙetare kogi da asuba, da yadda ba a ɗaure ƙusa ko ɗaya a layin haɗawa da ka, sai da ma'auni. Kana cewa Faransa ta daina yin irin 504 ɗinka tun 1983, ku kuka riƙe ta har 2006. Hoton tseren Safari na Kenya na 1975 da ta ci har yanzu yana falo, a saman rediyo. Waɗancan direbobin ai canja taya suka yi ta yi a hanya, ba su ce ta jiya tana da sauran zane ba. Kai ka koya min cewa mai ya kan lalace a cikin inji ko mota ba ta tashi ba, shi ya sa kake juye shi duk shekara alhali mitar ba ta motsa ba. To taya ma haka take. Abin da ka yarda da shi a kan mai nake roƙonka ka yarda da shi a kan roba.

Kada kuma ka ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da haka. Amma a tabarmarka, bayan magariba, muka koyi hadisin mai raƙumi, wanda aka ce ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma kai ka yi mana bayaninsa har sau biyu saboda Kawu na gyangyaɗi.

Ga yadda nake so a yi. Guda biyar za a saya, har da safaya. Girmanta na jikin tsofaffin, 175 R14. In bai samu ba, akwai girman zamani da ya yi kusa da shi, bakanikenka ya san shi. Kada dai a yarda a cusa mata tayar bas, za ta ɗauke mata laushin nan da ake yabonta da shi. Ku je wurin dila da kanku, kai da Kawu, ka sa tabarau ka karanta lambobin kowace kafin a biya, domin sabuwa a leda ma tana iya yin shekaru a sito. A nemi ta bana ko ta bara, a karɓi rasit. Ban yarda da Beljiyam ba ko an ce maka daga jikin motar jakada aka ciro ta. Waɗanda suka cire ta a can ba wawaye ba ne, kuma tsohuwar tayar ƙananan motoci tana cikin kayan da kwastan suka hana shigowa da su. Sababbin ma a kula, akwai masu cusa huɗu ko biyar cikin juna a kwantena don rage kuɗin fito, wayoyin su lanƙwashe tun kafin su taka kwalta, har hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irinsu a Legas. In ka ga bakin taya ya karkace, ku bar ta. A sa sabon bawul a kowace, in da tiyub shi ma sabo. A yi balansin da alaimen.

Iska kuma da geji za a auna, da safe kafin mota ta yi tafiya. Mai facin bakin titinku mutumin kirki ne, yana gaishe ka har ƙasa, amma na ga yadda yake yi: ya dura, ya buga da ƙarfe, ya saurari ƙara, ya ƙara durawa. A bi abin da littafin motar ya ce. Yana aljihun gaba, cikin ledar nan tare da takardunta na farko.

Na san abin da zai sosa maka rai a shagon dila. Za ka duba jikin kowace ka ga China, ka ga Thailand, ka ga Indonesiya, ba za ka ga tamu ba. Ni ma yana damuna. Itacen roba na nan a Edo da Delta da Kuros Riba, cibiyar bincike kan roba na nan a Iyanomo kusa da Benin, ɗanyen na fita waje ya dawo mana a matsayin taya da tsada. Rashin wuta da shigo da na waje da araha suka kori masana'antun nan biyu, kamar yadda ka ga masaƙun Kakuri sun rufe ɗaya bayan ɗaya a kan idonka. Fushinka daidai ne. Amma ba a bayan Auta za a huce shi ba.

Tun da za ta je gareji, a duba sauran robobinta, don duk shekarunsu ɗaya suke ci. Tiyon birki na kowace ƙafa, tiyon lagireto, bel ɗin fanka. Man birki yana shan laima daga iska in ya daɗe, a zubar a sa sabo. Kawu kuma ka ja masa kunne da kanka, don ni ba ya jin tawa: kada ya wuce 80, ko abokan ango sun tsere su jira a Gwargwaje. In taya ta yi wani abu, ko sabuwa ce, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sassauta totur a hankali, kada ya danna birki da ƙarfi.

Tsofaffin ba sai an jefar ba. Na san Dunlop ɗin nan biyu ba taya kawai ba ne a wurinka. A wanke su, a sa a baƙar leda, a ajiye a ɗakin da ba rana. Haka masu tara tsoffin motoci ke yi a Turai: na asali na ajiye don nuni, na hawa daban. Har Michelin na ci gaba da yin tsofaffin samfura irin XAS sababbi fil saboda irin waɗannan mutanen, su sami kamannin da da robar yau. Mu ba ma buƙatar wannan tsadar. Abin da nake so ka gani shi ne, ko waɗanda suka fi ka tsananin son komai ya zauna yadda ya fito daga kamfani, ba sa ɗaukar taya a cikin abin da ake gado. Kujerunta na asali ne, rediyonta na asali ne, fentin nan ruwan madara ba a taɓa sake shi ba. Waɗannan su ne ita.

Na ji mutumin Abujan nan ya sake dawowa da tayinsa na sayen motar. Kada ka sayar. Na faɗa a gaban Kawu, ina kuma sake faɗa a rubuce. In kuɗin kayan ɗaki ne ke damunka, mun riga mun yi magana da Umma, an rufe wannan babin.

Auta ta kira ni shekaranjiya da dare. Tana dariya tana kuka. Ta ce abin da ya fi damunta ba Zariya ba ce, wa zai riƙa yanke maka farce ranar Alhamis. Ka ɗan rage tsokanarta da maganar tuwo, ta fara ɗauka da gaske. Ban gaya mata komai game da tayoyin ba, kuma ba na so ta ji. Amarya na da abin da ya ishe ta tunani.

Bayan biki kuma kada a mayar da 'Yar Kakuri ƙarƙashin tamfol a manta, in ba haka ba sababbin ma hanyar tsofaffin za su bi. Duk mako ko mako biyu a fito da ita ta yi tafiyar da za ta ji ɗumi. Ku bi Ali Akilu, ku zagaya ta Isa Kaita, ku dawo ta Malali. In gwiwa ta ƙi, Ɗan Baba ya ja, kai ka zauna a gefe kana yi masa gyara, ai ka fi son hakan ma. Ranar Talata ku kai Hajiya kasuwar Kawo, ta huta da hawa Keke. A duba iska duk wata, domin tana raguwa ko ba ƙusa. A sa katako ƙarƙashin kowace ƙafa saboda damina, a ja tamfol ya rufe har ƙasa. Kai ma fitar za ta yi maka amfani. Tun da abokinka na Unguwar Dosa ya rasu ba ka cika leƙa waje ba, kowa ya lura.

Ranar kai amarya kai ba za ka je ba. Za ka tsaya a ƙofa ka yi addu'a, motoci su tashi, gida ya yi tsit, ka koma ciki ka ajiye waya kusa da kai kana jiran a ce an sauka lafiya. Wannan zaman nake tunani tun ranar da na durƙusa gaban motar nan. Mutum biyar na gidanmu za su kasance a cikinta, a kan kalmarka cewa lafiyarta ƙalau. Na san ka. In wani abu ya faru, ba za ka ce ƙaddara ba kamar yadda kake gaya wa wasu, kanka za ka ɗora wa, kuma ba za ka tashi daga wannan ba. Ba Auta kaɗai nake jin tsoron rasawa ba.

Kuɗin na wurin Kawu. Ni da wanda kake kira ɓarawon matarka muka haɗa, kuma shi ya fara kawo maganar, don haka ka rage masa tara. Ban turo maka kai tsaye ba saboda na san kafin Asabar sun zama kafet a ɗakin Auta. Ba kyauta ba ce da za ka ce ka fi ƙarfinta. Gudummawarmu ce ta biki.

Kawu zai zo Asabar da hantsi da wilsifana da jak. A gida za a kwance su a kai shago a motarsa, ba na so ta taka titi da su ko zuwa Kawo. Makulli na aljihun babbar rigarka mai ruwan toka, an riga an gaya min, kada ka ce ya ɓata. In an gama, ka sa Ɗan Baba ya ɗauki hoton lambobin kowace taya ya turo min, duka biyar.

Mu za mu iso ranar Laraba kafin kamu, in Allah ya yarda. Yaran na gaishe ka, ƙaramin ya ce in tuna maka alkawarin hon. Ka gaida Gwaggo da mutanen layi, da liman in kun haɗu. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya kai mu ranar lafiya.

Taka har kullum,
Amarya